Maƙoƙon Mama Dorcas

Mama Dorcas ta kama bakin daron doya da hannu biyu ta cira shi sama, sai na ga fuskarta ta sauya. Kafin daron ya zauna a kan gammo idanunta sun kaɗa sun yi jajir, jijiyoyin goshinta sun tashi raɗa-raɗa, wani siririn sauti kamar na usur yana fita daga maƙogwaronta. Mai motar da ya sayi doyar yana tsallaken titi, sai danna ham yake yi.

"Mama, sauke!" na ce. "Sauke shi ƙasa!"

Ba ta sauke ba, daron ne ya suɓuce. Doya ta warwatse a bakin titin Abuja, ɗaya ta gangara har ƙarƙashin wata tirela da aka ajiye. Ni da wata mai sayar da manja muka riƙe ta muka zaunar a kan benci. Hannuwanta na sauka kan cinya fuskar ta fara komawa daidai, kamar an sassauta igiya. Ta ja numfashi, ta sake ja, sannan ta dubi doyar da ke ƙasa.

"Rhoda, tsince min su kafin 'yan acaɓa su tattake," ta ce. "Rana ce kawai. Ban karya ba yau."

"Rana ba ta sa mutum ya yi fito da maƙogwaro, Mama."

"To, kin zama likita ke nan. Tsince doyar."

Ranar Asabar ce a Gonin Gora, ana tsakiyar zaɓe. Motocin 'yan siyasa suna ta kai-komo da lasifika, kowane bango an manna masa fuskar ɗan takara. Na je sayen doya ne a wurinta, don ta saba ƙara min da waɗanda suka karye a hanya.

Gida ɗaya muke haya a Romi, ƙofar ɗakina tana kallon tata. Ni tela ce, kekena yana shagon da ke bakin gidan. Tun ranar da muka tare na san ta da maƙoƙo. Ba abin ɓoyewa ba ne, ita ma ba ta damu da ɓoye shi ba. Ɓangaren dama ya fi girma, kuma ba sumul yake ba, curi-curi ne manya da ƙanana, kamar an cusa gwaza a cikin safa. Idan ta haɗiyi yawu sai curin su hau su sauko gaba ɗaya. 'Yata Favour tana ƙarama takan tsaya ta zuba ido, Mama Dorcas kuwa sai ta sake haɗiya da gangan don ta ba ta dariya.

"Rumbuna ne," takan ce. "A nan nake ajiye maganganun da ban faɗa wa Baban Vicky ba."

Ni nake ɗinka mata kaya, har da rigar anko ta zumuntar matan coci, saboda haka na san abin ƙaruwa yake yi. Duk shekara sai na ƙara faɗin wuyan riga. Daga baya muryarta ta fara dushewa. Ita ce ke ba da waƙa a zumunta muna amsawa, sai ta bar wa wata, ta koma kaɗa caki a layin baya. Ta daina cin nama, ita da ke tauna ƙashi har ɓargo. Tuwo sai ta yi ƙananan loma ta bi kowacce da ruwa, ƙarshe ma ta koma fate da kunu. In na leƙa ɗakinta da rana tana hutawa, a zaune nake samunta ta tara filo a baya, domin in ta kwanta rigingine numfashi yanke mata yake yi.

Da yammacin ranar da daron ya suɓuce na faɗa wa mijinta, Baba Jethro. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, tun da ya yi ritaya rediyo ya zama abokin zamansa a gindin mangwaron tsakar gida. Ya rage ƙarar rediyon ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ɗaga murya.

"Maman Vicky, ranar Litinin za mu asibiti."

Ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta fara hararata kafin ta dube shi.

"Uwata da shi aka binne ta, kuma sai da ta ga tattaɓa-kunne. A garinmu can kan dutse, macen da ba ta da shi ita ake kallo. Me asibiti za su gaya min?"

"Na uwarki bai hana ta numfashi ba."

"Matar Dattijo Musa fa? An yi mata aiki ta farka ba murya. Har yau da tafi take kiran jikokinta."

"Da ranta dai take kiransu." Ya nuna rediyon da baki. "Sojoji ma da bindiga a hannu sun yarda za su sauka. Ke wannan abu ya hau wuyanki shekara da shekaru, kin ce ba mai taɓa shi."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe bai sake ta ba. Da ya lafa ta share idonta da bakin zani.

"To, na ji. Amma da Rhoda za mu tafi, tunda ita ta kai ƙara."

Asibitin yana tsallaken kogi. Mun yi sammako, duk da haka sai da hantsi ya dubi ludayi aka kira mu. Likitan matashi ne ɗan Filato, Hausa tsaf a bakinsa. Ya zaunar da ita a kujera, ya zagaya bayanta, ya ɗora yatsunsa a wuyanta gefe da gefe. Nas ta miƙa mata kofin ruwa.

"Kurɓi, Mama, ki riƙe a baki. To, haɗiye."

Ya bi curin ɗaya bayan ɗaya yana lalubawa, ya sa ta sake haɗiya yana neman inda abin ya ƙare ta ƙasa, bai samu ba. Ya ƙwanƙwasa ƙashin ƙirjinta da yatsa yana saurare. Ya tambaye ta ko zuciyarta na bugawa da sauri, ko tana yawan jin zafi da zufa, ko hannunta na rawa, ko ta rame. Duk ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa.

"Barci fa?"

"Lafiya lau."

"A zaune take yi, likita," in ji Baba Jethro. "In ta zame ta kwanta, sai ta zabura kamar wadda aka shaƙe."

Likitan ya ce ta ɗaga hannuwanta sama har su taɓa kunne. Abin da na gani a Gonin Gora shi ya fara dawowa, fuska ta cika, usur ɗin ya taso. Shi da kansa ya kama hannuwan ya sauke.

"Kin gani, Mama, ƙofar ƙirji ƙarama ce. Hanyar iska da hanyar abinci da jijiyoyin jini duk ta nan suke wucewa. In maƙoƙo ya nutsa ciki, kika kuma ɗaga hannu, sai ya toshe ƙofar kamar murfin kwalba. Daga yau ba ɗaukar kaya a ka."

"Na zama 'yar Gbagyi ke nan. A kafaɗa zan riƙa ɗauka."

"A kafaɗar ma a'a."

Ya rubuta mana gwajin jini da hoton wuya da ƙirji, da kuma sikanin. Ni dai a lokacin na ɗauka sikanin na masu ciki ne kawai, ita ma haka. Da aka kira ta daga cikin layin mata masu juna biyu, sai ta juya ta ce da su, "Nawa a wuya yake, 'yan biyar ne." Aka kwashe da dariya.

A ciki dariyar ta ƙare. Matar da ke aikin ta ce ta kwanta ta miƙe wuya baya, ta gwada ta kasa. Sai da aka ɗaga kan gadon aka jingina ta, ni ina riƙe da hannunta. Aka shafa mata wani mai mai sanyi, aka ɗora kan na'urar a wuya ana zagayawa. A ƙaramin allo baƙi da fari na ga abubuwa kamar duwatsu a cikin rafi, suna matsowa suna wucewa. Matar ba ta da yawan magana, amma da ta ga ina leƙe sai ta riƙa nuna min.

"Wannan curi ne, wannan ma. Wannan mai duhun ruwa ne a cikinsa. Wannan farin da ke ƙyalli tsoho ne, ya daɗe har ya taurare." Ta matsa na'urar ƙasa har ta tokari ƙashi. "Na dama ya shige bayan ƙashin ƙirji. Daga nan na'urata ba ta gani."

"Guda nawa ne?" in ji Mama Dorcas.

"Sun yi yawa a ƙirga, Mama."

Bayan wannan aka sa mata allura siririya a cikin babban curin aka ɗebi kaɗan don a duba. Sai da mako ya zagayo har sau biyu muka koma karɓar sakamako. Likitan ya liƙa hoton a jikin akwatin haske, ya kira Baba Jethro ya matso.

"Baba, ka ga wannan baƙin layi? Maƙogwaro ke nan, hanyar iska. Kamata ya yi ya sauko a miƙe ta tsakiya."

Layin bai miƙe ba. Ya kauce hagu kamar hanyar da ta tarar da dutse, a daidai kwanar kuma ya tsuke har ya kusa haɗewa. A ƙarƙashinsa, cikin ƙirji, akwai wata farar inuwa mai faɗi. Baba Jethro ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ta wannan ɗan wuri take numfashi?"

"Ta nan."

Jini kuwa likitan ya ce lafiya lau yake, abin ba ya zuba sinadari fiye da kima, shi ya sa ba ta rama ba ta rawar hannu. Abin da aka ɗeba da allura ma bai nuna ciwon daji ba.

"Yabo ga Ubangiji," in ji Mama Dorcas, ta fara gyara ɗaurin ɗankwali. "Shi ke nan ai. Mu tafi."

"Zauna, Mama, ban gama ba. Ba daji ba ne, amma wurin ya cika. Irin waɗannan curin, wani lokaci ɗaya yakan yi jini a cikinsa ya kumbura farat ɗaya. Ga wanda yake da sarari, ciwo zai ji na 'yan kwanaki ya wuce. Ke ba ki da sarari. Magani ba zai narkar da shi ba, sai aiki."

"Muryata fa?"

"Jijiyar murya tana bayansa, muna kiyaye ta iyakar iyawarmu. Yawanci ba abin da ke samunta. Amma ba zan rantse miki ba."

Ta ƙura wa hoton ido. Ina jin gaskiyar da ya faɗa mata ce ta sa ta yarda, don da ya yi mata daɗin baki da ba ta sake komawa ba. Ya buɗe littafin masu jiran aiki, ya ce akwai wuri a tsakiyar watan Mayu. Ta lissafa da yatsu a kan cinyarta, ta girgiza kai.

"Ba zai yiwu ba. Lokacin 'yata za ta haihu."

Vicky ita kaɗai ce 'yarsu da ta rayu. Tana aure a unguwar Nasarawa, mijinta Ishaku malamin firamare ne. Haihuwarta ta fari, Mama Dorcas tana ƙauye wurin jana'izar yayanta. Jaririn ya kamu da zazzaɓi, cibiya ta kumbura, kafin a gane kansa ya koma. Mama Dorcas ta dawo ta tarar an riga an rufe shi. Ba wanda ya ce laifinta ne, amma tun daga ranar ba ta sake kwana a wajen Kaduna ba.

Likitan ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce zai nema mata wuri kafin lokacin, ta ce in ta kwanta a Afrilu, wa ya san ranar da za ta miƙe? Ya ce akwai wasu matan da za su kula da mai jego. Ta ce akwai. Ƙarshe ya rubuta mata farkon Yuli, ya ajiye biro ya dube mu ni da Baba Jethro.

"In kuka ga wuyan ya yi ciwo ko ya ƙara kumbura, ko numfashi ya canja, kada ku jira komai. Ku kawo ta ko wane lokaci ne."

Ta daina zuwa Gonin Gora, ta bar wa wata 'yar garinsu rumfar. Zaman gida bai karɓe ta ba, sai ta riƙa ɗauko kujera 'yar tsugunne ta zauna a ƙofar shagona tana ɓare agushi. Wata rana da ba kowa na tsayar da keken na ce mata,

"Mama, ki je a yi aikin nan a Mayu. Ni zan yi wa Vicky jego. Na yi wa ƙannena biyu, hannuna bai taɓa ƙona kowa ba."

"Na san za ki iya, Rhoda."

"To me ya rage?"

Ta ci gaba da ɓara, ɓawo yana zuba a zaninta.

"Wancan karon da na dawo, na same ta a zaune a bakin gado, nono ya cika yana zuba, ba mai sha. Ta ce, 'Mama, na yi ta duba ƙofa.' Abin da ta ce ke nan, ba ta ƙara komai ba." Ta kakkaɓe ɓawon. "Wannan karon in ta dubi ƙofa za ta gan ni. Daga nan su yanka duk inda suke so."

Ban sake tayar da maganar ba. Baba Jethro ya tayar sau da yawa, har ya kai ƙara wurin fasto, fasto ya zo ya yi addu'a ya yi nasiha, ta ba shi kunu ya sha ya tafi. Ita Vicky kuwa cewa aka yi da ita likita ne ya sa Yuli, kuma haka takardar ta nuna.

Vicky ta haihu bayan damina ta sauka, namiji, ƙato, a wani ƙaramin asibiti a Nasarawa. Mama Dorcas tana bakin ƙofar ɗakin haihuwa tun farkon naƙuda har aka miƙo mata shi. Washegari Ishaku ya kawo su Romi a tasi, aka gyara wa mai jego ƙuryar ɗaki, Baba Jethro ya koma falo.

Kwanakin nan ban taɓa ganinta da kuzari irin nasu ba. Kullum da safe ta hura wuta a bayan gida, ta ɗora babbar tukunya, ta yi wa Vicky wanka, ta gasa wa jariri cibiya, ta dama kunun kanwa. Ni nake ɗaukar mata bokiti, wannan kaɗai ta yarda na yi. Idan ta rungumi yaron, kansa yakan kwanta daidai kan maƙoƙon, sai ta ce, "Ka ga, kakarka da filonta take yawo."

Ranar da sojoji suka miƙa mulki an fito da talabijin ɗin Baba Jethro tsakar gida, mutanen gidan da na maƙwabta suka cika tabarmi. Ana cikin fareti aka ɗauke wuta, aka yi tsaki gaba ɗaya, aka koma kan rediyo. Baba Jethro ya karɓi jikan ya ɗaga shi sama.

"Wannan bai san mulkin soja ba sai a labari. Sunansa Farar Hula."

"Sunansa Stephen, Baba," in ji Vicky daga taga.

"Stephen Farar Hula."

Mama Dorcas tana zaune a bayanmu tana tuƙa tuwon mai jego. Ta so ta yi guɗa, muryar ba ta fito ba, sai ta buga muciya a bakin tukunya. A ranar ne na lura tana tari. An yi ruwa da yamma kafin nan, ta fita kwashe shanyar jariri ya jiƙa ta. Na ce mu je asibiti, ta ce mura ce, ta sha citta da lemun tsami. Na taɓa wuyan, bai canja ba, ba ya mata ciwo.

Bayan kwana kaɗan, da safe, ina share ƙofar shago na ji tarinta daga bayan gida. Ruwan da aka yi ya jiƙa ice, wutar ta ƙi kamawa, tana durƙushe tana hurawa hayaƙi ya turnuƙe. Tarin ya yi ta zuwa a jere, mai ƙarfi, sannan ya tsaya cak. Shirun ne ya sa na yar da tsintsiya.

Na same ta a zaune a ƙasa, ta jingina da bango, hannunta ɗaya a wuya. Wutar ta kama, tukunyar ruwan wanka tana kai da ganyen darbejiya a ciki. Na janye hannunta. Ɓangaren dama ya tashi fiye da yadda na san shi, ya yi tauri, fatar tana sheƙi. Da na taɓa ta runtse ido.

"Baba! Baba Jethro! A kira Ayuba!"

Ayuba maƙwabcinmu ne mai a-kori-kura, yana ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Allah ya sa bai fita ba. Vicky ta fito da jariri a kafaɗa, ɗaurin ƙirji kawai, tana tambaya, "Mene ne? Mama, mene ne?" Mama Dorcas ta ɗaga mata hannu, ta nuna ɗaki. Ta tattara abin da ya rage mata na murya.

"Koma ciki. Akwai sanyi."

Ban ƙara jin maganarta ba bayan wannan.

Muka sa ta a gaba, tsakanina da Ayuba, Baba Jethro ya hau baya yana riƙe da ƙarfe. A zaune take, ta dafa gaban motar da hannu biyu, ta miƙo kai gaba, duk jikinta yana aikin jan iska. Hanyar Romi ta yi caɓi, motar tana tangaɗi daga rami zuwa rami. Da muka hau kwalta Ayuba ya kunna fitila ya ɗora hannu a kan ham bai ɗaga ba. A gaban wani gidan mai layin motoci ya cinye rabin titi, Baba Jethro ya riƙa dukan rufin motar yana ihu, "Mara lafiya! Mara lafiya!" Mutane suka yi ta turo motocinsu gefe da hannu.

Usur ɗin yana ƙara sirancewa. Ina ta faɗin, "Mun kusa, Mama, ga gada can," ina share mata zufa da gyalena. Leɓunanta suka yi duhu. Ta saki gaban motar ta kama hannuna, ta matse da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Muna hawa gadar riƙon ya sassauta, kanta ya kwanto kafaɗata.

Ayuba ya dube ni, na dube shi. Bai rage gudu ba.

A asibiti sun karɓe ta da gudu, sun ja labule. Mun ga ana shiga da kwalbar iska, mun ga likitan nan ɗan Filato ya zo da sauri yana sa safar hannu. Sun daɗe a ciki. Da ya fito ya nufo Baba Jethro kai tsaye, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Baba, sai haƙuri. Curi ɗaya ya yi jini a ciki, ya rufe hanyar. Mun yi ƙoƙarin buɗewa, amma kafin ku iso ta riga ta tafi."

Baba Jethro ya gyaɗa kai. Sai a lokacin na lura takalminsa ƙafa ɗaya ne, ɗayan ya faɗi a hanya.

"Ka faɗa mana," ya ce. "Ba ka ɓoye mana komai ba. Allah ya saka maka."

Aka bar mu muka shiga. An rufe ta da farin zani har ƙirji, an sa auduga a wuyan inda suka yanka. A kwance take rigingine, ba filo. Baba Jethro ya tsaya a kanta ya daɗe, sannan ya gyara mata ɗankwalin da ya zame, ya ce da ni in je gida wurin yarinyar, shi zai tsaya a gama abin da ya kamata, a aika ƙauye.

Ayuba ya mayar da ni. Kafin mu isa labari ya riga mu, don wani ɗan acaɓa da ya bi mu a baya ya koma ya faɗa. Matan zumunta sun fara taruwa, takalma sun cika ƙofar falo, wata ta ɗauko waƙa a hankali ana amsa mata. Vicky tana ƙuryar ɗaki a bakin gado, Ishaku yana tsugunne a gabanta. Ba ta kuka. Da ta gan ni ta miƙe.

"Anti Rhoda, ta ce wani abu a hanya?"

"Ba ta iya magana ba. Hannuna ta riƙe har gada."

"An ce da ni likita ne ya sa Yuli."

"Ita ta roƙe shi ya sa."

Ta dube ni, ta dubi jaririn da ke barci a tsakiyar gado, hannuwansa a dunƙule kusa da kunne. Ta koma ta zauna a hankali, kamar yadda masu jego ke zama. Sai a sannan kukan ya zo. Matar fasto ta shigo ta rungume ta, jaririn ya farka ya kama nasa.

Na ɗauke shi na fita da shi. Rigar jiya ce a jikinsa, tana warin nono. Na miƙa wa wata daga cikin matan ta riƙe min, na zagaya bayan gida.

Tukunyar tana nan a kan murhu. Icen ya cinye har ƙarshe, ganyen darbejiya ya kwanta a gindi. Na tsoma yatsa, ruwan ya huce. Na kwashe tokar gefe, na zaɓo busassun ice daga ƙarƙashin tulin na jera, na durƙusa na fara hurawa.